Iyaye sun ƙi cika fom a shafin makarantarmu: ta ina zan fara gyara?

Malamin Kwamfuta, Katsina

Assalamu alaikum. Ni malamin kwamfuta ne a wata makaranta mai zaman kanta a cikin garin Katsina, wadda take da sashen firamare da na ƙaramar sakandare, kuma a bara ne mai makarantar ya ɗora mini nauyin haɗa mata shafin intanet. Babban dalilin yin shafin shi ne a rage cunkoson da ake yi a ƙofar ofishin akawu duk lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai, domin uba ya zauna a gidansa ko a shagonsa ya cika fom ɗin ɗansa ba tare da ya baro harkokinsa ba.

Na haɗa shafin da WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, kuma ban yi ƙwauron ado ba. Da an buɗe shi, hotuna takwas ne suke wucewa ɗaya bayan ɗaya, na gini da na fareti da na bikin yaye ɗalibai. A ƙarƙashinsu akwai jawabin mai makaranta, sai tarihin kafuwarta, sai takenta. Fom ɗin yana cikin jerin zaɓuɓɓukan da ke sama. Da Turanci yake, yana da gurabe 31, kuma kafin mutum ya kai gare shi sai ya yi rajista da adireshin imel da kalmar sirri. A ƙarshe ana buƙatar a ɗora hoton fasfo na yaro da takardar haihuwarsa.

Da lokacin ɗaukar ɗalibai ya zo, layin ofishin akawu yana nan yadda yake. Wasu iyayen sun ce shafin ba ya buɗewa, wasu sun ce sun cika ya goge, wasu kuwa ba su ma gano inda fom ɗin yake ba. Ni kuma duk lokacin da na gwada a kwamfutar ofis, lafiya lau yake aiki. Mai makaranta ya yanke hukuncin cewa iyayen ne ba su waye da intanet ba, amma zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, domin mutanen nan su ne suke tura kuɗi ta waya kullum, suna ciniki ta WhatsApp, wasunsu har kaya suke sarowa daga Legas ba tare da sun taka ƙafa can ba. Ta ina ya kamata in fara gyara? Kuma shin mayar da shafin zuwa Hausa zai magance matsalar?

Injiniya daga Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tambayarka tana cikin maganarka, a inda ka ce a kwamfutar ofis lafiya lau yake aiki. Babu ko uba ɗaya da zai cika fom ɗin nan a kwamfutar ofishinku. A wayar hannu za su cika shi, galibi Itel ko Tecno ko Infinix wadda ta kwana biyu, ma'ajiyarta ta cika da hotuna da saƙonnin murya, datar kuma ta kwana ɗaya ce da aka saya ana lissafinta. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka ari wayar maigadinku ko ta direban makaranta, ka kashe wayifai, ka fita waje cikin rana, ka buɗe shafin kana duban agogo. Abin da ka gani a nan shi ne shafin da iyaye suka sani.

Ina kyautata zaton hotunan nan takwas su ne farkon masu laifi. Hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora shi yadda yake yakan kai megabait 3 zuwa 5, don haka mai yiwuwa mutum yana sauke fiye da megabait 20 kafin ya karanta kalma ɗaya. Hoton da faɗinsa bai wuce piksel 1200 ba, idan aka matse shi yadda ya kamata, zai iya tsayawa a kilobait 100 zuwa 200 ba tare da ido ya ga wani bambanci a fuskar waya ba. WordPress yana karɓar hotuna nau'in WebP tun shekarar 2021, kuma sun fi JPEG sauƙin nauyi. Ka shigar da adireshin shafin a PageSpeed Insights na Google, wato shafin da ke auna saurin buɗewar shafuka, kyauta ne, ka duba sakamakon ɓangaren waya. Ma'aunin da suke bi shi ne babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin sakan 2.5, idan ya haura sakan 4, a rukunin marasa kyau suke sa shi. Tun a 1993 Jakob Nielsen, wanda ya shahara a fannin sauƙaƙa amfani da manhajoji da shafukan intanet, ya bayyana cewa idan jira ya wuce kimanin sakan 10, hankalin mutum yakan bar abin da yake yi ya koma wani wuri. Wanda yake jira da datar da ya saya da guminsa kuwa ba lallai ya kai goman ba.

Shawarata a kan hotuna masu wucewa ita ce a cire su gaba ɗaya a bar guda. Ba nauyi kaɗai ne aibinsu ba. Mutum yana ƙoƙarin karanta rubutun da ke kan hoto sai ya gudu, kuma sun cinye wurin da ya fi kowane wuri daraja, wato abin da ido yake fara sauka a kai kafin a ja shafi ƙasa. Ka tambayi kanka abin da ya kawo uba shafin makaranta. Yana son ya san kuɗin makaranta nawa ne, yaushe za a rufe karɓar fom, a ina makarantar take, da lambar da zai kira. Waɗannan su ne za su zauna a sama, tare da babban maɓalli guda ɗaya mai kai mutum ga fom kai tsaye. Jawabin mai makaranta da tarihi su koma wani shafi na daban, wanda yake so ya je ya same su.

Akwai kuma ƙananan ma'aunai da suke da amfani. Google yana ba da shawarar duk abin da za a taɓa da yatsa ya kai 48 a faɗi da tsawo a ma'auninsu na fuskar waya, Apple kuma ya ce 44, dalili kuwa shi ne babban yatsan mutum ba tsinke ba ne. Girman rubutu kada ya gaza piksel 16. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C take fitarwa domin sauƙaƙa wa masu lalura amfani da intanet, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1. Na san makarantu suna son launin kayan ɗalibansu ya fito a ko'ina, amma rubutu ruwan ɗorawa a kan fari ba ya karantuwa a ranar Katsina, ko ga mai lafiyar ido, balle dattijon da ya manta tabarau a gida.

Hajiya mai aikin rajista, Maraɗi

Sannu da ƙoƙari, Malam. Injiniya ya yi maganar nauyi, ni kuma zan tsaya a kan fom ɗin kansa, domin na yi shekaru ina shigar da sunayen mutane a kwamfuta, kuma na ga wuraren da ake tuntuɓe.

Na farko, ka cire shingen rajista da imel. Mutane da yawa suna da adireshin Gmail ne kawai saboda mai shagon waya ya buɗe musu ranar da suka sayi wayar, ba su san kalmar sirrinsa ba, wasu ko adireshin ba su haddace ba. Idan ka ce sai an buɗe imel an danna saƙon tabbatarwa, ka rufe ƙofa tun kafin baƙo ya yi sallama. Lambar waya ita ce adireshin mutanenmu, ita ya kamata ka nema.

A kan lambar wayar ma akwai magana. Lambar Najeriya tana da alƙaluma 11 idan aka fara da sifili, amma wani zai rubuta ta da +234, wani zai bar tazara a tsakani. Duk daidai ne, kuma aikin shafin ne ya gane su ya daidaita, bai kamata ya ce wa mutum ya yi kuskure ba. Sa'annan ku da kuke Katsina, tsakaninku da mu sai Jibiya kawai, kuma akwai iyalan da uba yake kasuwanci a Maraɗi yara suna karatu a wajenku. Lambar Nijar alƙaluma 8 ce bayan +227. Idan gurbinka ya kafe a kan sai 11, wannan uban ba shi da hanyar wucewa. Ka kuma saita gurbin yadda idan an taɓa shi madannan lambobi ne za su fito, ba na haruffa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunaye. Na sha ganin fom ɗin da yake ƙin karɓar Sa'adatu da Mu'azu da Asma'u da Rabi'u, saboda wanda ya tsara shi ya hana duk wata alama da ba harafi ba. Ka gwada naka da waɗannan sunaye yau ɗin nan. Haka kuma tsarin sunan farko da sunan dangi ba namu ba ne. Yaro yana da sunansa, sai sunan mahaifinsa, wani lokaci a ƙara da na kaka ko na gari, shi ya sa za ka ga 'yan gida ɗaya kowa da abin da aka rubuta masa a matsayin sunan dangi. Ka tambaya a fili: sunan yaro, sunan mahaifi, sai gurbi na uku ga mai buƙata. Ka ƙara gargaɗin cewa a rubuta kamar yadda yake a takardar haihuwa, domin bambancin suna yakan zama ciwon kai ranar rajistar jarrabawa.

Gurabe 31 sun yi yawa ƙwarai. Ka zauna da akawu ku bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ba a buƙatarsa kafin a kira yaro gwaji a ɗage shi zuwa ranar da za a kawo shi. Sana'ar kaka da rukunin jini za su iya jira. Wannan ba don sauƙi kaɗai ba ne, domin dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta nemi a taƙaita tattara bayani ga abin da ake buƙata, kuma bayanan yara sai da amincewar iyaye ko masu riƙo. Ranar haihuwa kuma ka ba ta gurabe uku na rana da wata da shekara, ka bar kalandar nan da sai mutum ya yi ta danna baya wata bayan wata har shekara bakwai. Ƙaramar hukuma kada ka jera 774 a wuri guda. A fara zaɓar jiha, idan uba ya zaɓi Katsina, 34 ɗinta kaɗai za su fito.

Masu cewa sun cika ya goge, gaskiya suka faɗa. Ko dai sabis ya ɗauke lokacin aikawa, ko an yi kuskure a gurbi ɗaya shafin ya dawo fanko, ko kuma mutum ya fita neman hoton takardar haihuwa, wayar mai ƙaramin ƙarfi ta rufe burauzar a bayansa. Wanda ya cika gurbi talatin da yatsa ɗaya ya ga sun ɓace ba zai sake ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ka raba fom ɗin kashi uku gajeru, kowane kashi a ajiye shi da zarar an gama. Idan an yi kuskure, bayanin ya fito kusa da gurbin, ya faɗi abin da za a gyara. Game da hoton fasfo, idan ka iyakance nauyinsa zuwa 'yan kilobait, ka ba uba aikin da sai ya je kafe, alhali gudun zuwa wani wuri ne ya sa aka yi shafin. Ka karɓi hoton yadda waya ta ɗauka, shafin ya rage shi da kansa, ko kuma a ɗauka a makaranta ranar gwaji.

Malamin Hausa, Kano

Allah ya saka wa Injiniya da Hajiya da alheri. A kan tambaya ta biyu zan yi magana. Mayar da shafin zuwa Hausa zai taimaka, amma bayan an yi gyaran da suka ambata, domin shafin da ba ya buɗewa da Turanci ba zai buɗe da Hausa ba.

Idan za ka fassara, kada ka miƙa aikin ga na'urar fassara ka ɗora ba tare da dubawa ba. Na taɓa ganin maɓallin aika fom da aka rubuta wa "miƙa wuya" a matsayin fassarar "Submit". Kalmar da za ta hau maɓalli ta faɗi abin da zai faru idan an danna, kamar "Aika fom" ko "Ci gaba" ko "Koma baya". Kada kuma ka ƙirƙiri sababbin kalmomi a inda mutane suka riga suka saba da nasu. Fom, rasit, firamare, JSS 1, haka ake faɗa a ƙofar ofishin akawu, haka ya kamata a gani a shafi. Wurin sauya harshe ya kasance a sama, a rubuta sunan kowane harshe da kalmomi. Tuta ba ta da amfani a nan, domin Hausa ba ta da tuta ɗaya.

Sai haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ wadda ake rubutawa a Nijar a inda mu muke rubuta 'y. Dukkansu suna cikin Unicode, wato tsarin haruffan kwamfuta na duniya, kuma muddin shafinka yana kan UTF-8, hanyar ajiye waɗannan haruffa, wanda shi ne WordPress yake amfani da shi tun asali, za su ajiyu daidai. Inda ake samun cikas shi ne salon haruffan da aka zaɓa domin ado. Da yawansu ba su da waɗannan haruffa, sai burauza ta aro su daga wani salon, ka ga ƙ ta fi sauran girma ko ta karkace a tsakiyar kalma, a wasu tsofaffin wayoyin ma ɗan akwati ne yake fitowa. Salon haruffan Noto Sans na Google yana da su, haka ma Andika na ƙungiyar SIL, wanda aka tsara musamman domin masu koyon karatu. Ka gwada da manyan baƙaƙe ma, Ɓ da Ɗ da Ƙ. Kuma ka tuna yawancin iyaye ba su sa madannan Hausa a wayoyinsu ba, ko da yake Gboard, manhajar madannai ta Google, yana da su. Wani zai rubuta Ɗahiru, wani Dahiru, saboda haka wurin binciken sunaye da akawu zai yi amfani da shi ya ɗauki d da ɗ a matsayin abu ɗaya, in ba haka ba za a ce yaro bai cika fom ba alhali yana ciki.

Ina da ɗan saɓani da Injiniya a wuri ɗaya. Na yarda jawabin mai makaranta ya bar shafin farko, amma kada a kwashe komai har shafi ya buɗe da farashi tsirara kamar allon gidan mai. Bahaushe ba ya shiga magana sai da gaisuwa, kuma uban da zai ba ku amanar ɗansa yana lura da irin tarbar da aka yi masa. Layi ɗaya na sallama da maraba ya wadatar, kuma ba shi da nauyin ko kilobait ɗaya. Haka nan akwai iyayen da karatunsu na allo ne, boko bai zauna musu sosai ba. A sa musu lambar da za a taɓa ta kira ofis kai tsaye, da gajeren saƙon murya mai bayanin matakan, wanda ba zai kunna kansa ba sai an danna.

Malamin Kwamfuta, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na yi mako biyu ina aiki da shawarwarinku. Gurabe sun dawo 11, an cire rajistar imel, kuma gaskiyar Hajiya ce, fom ɗina yana ƙin Asma'u, abin da ya ba ni kunya matuƙa domin sunan ƙanwata ke nan. Mai makaranta ya amince da hoto ɗaya bayan na miƙa masa wayar maigadi na ce ya buɗe shafin da kansa, ya tsaya yana kallon farin allo har ya gaji.

Na kuma karanta cewa Nielsen ɗin da Injiniya ya ambata ya nuna a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan fito da mafi yawan matsalolin shafi, don haka na roƙi iyaye biyar da suka zo ɗaukar yara su cika fom ɗin a wayoyinsu ina kallo, na daure ban ce uffan ba. Uku daga cikinsu ba su san cewa layukan nan uku da ke kusurwar sama, masu buɗe jerin zaɓuɓɓuka, ana taɓa su ba, sai na rubuta kalmar "Zaɓi" a gefensu. Wata uwa ta gama cikawa amma madannai sun rufe maɓallin aikawa, ta ɗauka ta gama ke nan. Wani Alhaji kuma ya danna aikawa sau huɗu, saboda babu abin da ya nuna masa cewa fom ɗin ya tafi, sai ga sunan ɗansa sau huɗu a wajen akawu. Da na ce masa ai fom ɗin ya shiga, sai ya ce to ina shaidarsa. Wannan ne ban san yadda zan warware ba, domin a ofis rasit ake ba shi ya sa a aljihu.

Injiniya daga Kaduna

Alhajin yana da hujja, Malam, kuma na karɓi gyaran Malamin Hausa a kan sallama. Da zarar an danna maɓallin, ya daina karɓar danni, rubutun kansa ya koma "Ana aikawa, a ɗan jira". Idan fom ɗin ya shiga, a kai mutum wani shafi mai sunan yaron da ajin da aka nema masa da ranar gwaji da lambar shaida, duka a fuska ɗaya yadda zai iya ɗaukar hoton allon ya ajiye, kamar yadda ya saba yi idan ya tura kuɗi. Ka aika masa da wannan bayanin ta saƙon tes kuma, domin shi ba ya buƙatar data. A ɓangaren akawu, idan lambar waya ɗaya da sunan yaro ɗaya suka sake shigowa a rana guda, a ɗauke su a matsayin fom ɗaya. Lambar shaidar kada ta wuce alƙaluma 5 ko 6, kuma ta zama lambobi zalla ba tare da haruffa ba, domin za a riƙa karanta wa akawu ita ta waya, kuma harafin O da sifili ba sa bambanta a rubutun hannu.